Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga malaman kimiyyar halittu na jihar Maraɗi: a fitar da yaran nan zuwa gindin gawo

Assalamu alaikum.

Ƴan'uwana malamai maza da mata, na kolej da na lise, tun daga Madarunfa har Dakoro, tun daga Gidan Rumji har Tasawa, da ku sufetoci masu duba aikinsu, ina gaishe ku da aiki, ina kuma gaishe ku da haƙuri da ɗiyan jama'a. Ni ma na sha ƙurar alli shekaru masu yawa kafin in ajiye aiki, saboda haka maganata ba ta ɗan kallo ba ce. Na san ajin zana da iskar hunturu ke shiga ta ko'ina. Na san benci ɗaya yara huɗu. Na san darussan da dole a ƙare su kafin jarrabawa, ko ana ha-maza-ha-mata.

Jikata ce ta sa na ɗauki alƙalami. Kwanan baya da dare na same ta a tabarma tana haddar darasi a kan abin da littafinsu ke kira ekosistem. Ta kawo mini ma'anar da Faransanci tiryan-tiryan, ko harafi ɗaya ba ta ci ba, na kuma ji daɗi ƙwarai. Sai na ce mata: to, nuna mini guda ɗaya a garin nan. Ta yi shiru. Can ta buɗe kaye ta nuna mini zanen wani kududdufi da ta kwafa daga allo, ga kifi, ga kwaɗo, ga kibiyoyi suna nuna juna. Na tambaye ta ko ta san abin da ya sa hatsin da ke gindin gawo a gonarmu ya fi na fili tsayi da kaurin zangarniya. Ta ce ba a kai ga koya musu wannan ba. Alhali kuwa shi ne darasin da ta kwana tana hadda.

Yarinyar ba ta da laifi, malaminta ma haka. Yadda aka koya mana muka koyar, har da ni. Roƙona ɗaya ne gare ku: ilimin yadda halittu ke zama da juna, a koyar da shi a waje, da abin da ke ƙasarmu, da sunayen da iyayen yaran suka san su da su. Gani ya kori ji.

Mu fara da gawon nan tunda shi ya jawo maganar. Yawancin itatuwa da damina suke ganye, da rani su kakkaɓe. Gawo ya saɓa musu. Da ruwa ya sauka sai ya zubar da ganyensa ya tsaya fayau duk damina, ba ya tare wa hatsi rana, ganyen da ya zubar kuma yana ruɓewa daidai lokacin da shuka ke neman abinci. Bayan kaka, ƙasa ta bushe, sai ya yi kore shar, domin saiwarsa ta nutse can inda ruwan ƙasa yake. Da bazara, sa'ad da ciyawa ta ƙare dabba ta rame, lokacin ne yake zubo ƴaƴa. Awaki da tumaki da shanu su taru a inuwarsa, su ci, su yi kashi da fitsari a wurin. Taki ke nan ya kawo kansa gona, ba jaki ba amalanke. Ƙwayar gawo ɓawonta tauri gare shi, amma in ta bi ta cikin akuya ta fito ta fi saurin tsirowa, akuyar kuma ta kai ta nesa da uwarta. Sannan a saiwarsa akwai wasu halittu da ido ba ya gani, bakteriya, zaune cikin ƴan ƙulle-ƙulle. Iccen yana ciyar da su, su kuma suna kamo masa azot daga iska, wato sinadarin nan da muke saye da tsada cikin buhun takin ure.

A ce wa yaro ya ƙirga: icce, hatsi, akuya, bakteriya, garar da ke cin karan da ya faɗi, ruwan ƙasa, rana, da manomin da ya ƙi sa wa iccen gatari. Kowane yana ba wani, yana karɓa daga wani, masu rai da marasa rai, a wuri guda. Ekosistem ɗin ke nan. Da ni za a tambaya, zaman cuɗanyar halittu zan kira shi da Hausa. Yaron da aka tsayar a gindin gawo rabin awa aka nuna masa wannan, ko ya manta jimlar littafi zai iya gina ta da kansa ranar jarrabawa.

Haka batun mazauni, wato wurin da halitta ke samun ci da sha da mafaka da inda za ta hayayyafa. Mene ne ya kai gaiwa bayyana shi? Kifi ne, amma in tafki ya ƙafe sai ta nutse cikin laka, ta lulluɓe jikinta da yauƙi, ta riƙa shaƙar iska da huhu, tana jira wata da watanni har ruwa ya dawo. Jikinta kaf an yi shi ne daidai da ruwan da ke zuwa ya tafi. Ɗan fadama ya san haƙar gaiwa tun kafin ya san harafi, abin da ya rage masa kawai wani ya ce masa abin nan da ka sani kimiyya ne. Goriba ta cika kwarin Gulbin Kaba saboda ruwan ƙasa yana kusa, har kwarin ya ɗauki sunan kabarta. Garuruwa nawa ne a jihar nan ke ɗauke da sunan icce ko dabbar da yau ko ɗaya babu a wurin? Wannan aikin gida ne mai kyau: kowane yaro ya tambayi kakarsa asalin sunan garinsu, da abin da ake gani a dajin da can wanda yanzu ba a gani.

Maraɗi kanta misali ce. Tsohon gari a cikin kwarin gulbi yake, ambaliyar 1945 ce ta sa aka tashi aka hau tudu. Gulbin kuwa daga ƙasar Katsina yake fitowa, ya shigo mana, ya ratsa ta Madarunfa da Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji, sannan ya sake komawa Najeriya ya faɗa kogin Rima. Da aka gina madatsar ruwa ta Jibiya a farkon shekarun 1990, zuwan ruwan ya sauya a nan, kuma masu noman fadama sun gani a ƙasarsu da rijiyoyinsu, tunda malalar gulbi ce ke shimfiɗa sabuwar laka ta kuma cika ruwan ƙasa. Gulbi bai san iyaka ba. Shamuwa ma ba ta san ta ba: daga kudancin Afirka take tasowa ta zo ta yi sheƙa a itatuwan ƙauyukanmu da damina, ta ci fara da tsutsa, kaka ta yi ta koma. Tafkin Madarunfa da yaranmu suka sani da kaburburan waliyyai casa'in da tara, a 2019 an sa shi cikin jerin dausayoyin da duniya ta yarda a kare ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Yara nawa ne a cikin Madarunfa aka taɓa gaya wa haka?

Sai maganar wa ke cin wa. Ciyawa ta kama hasken rana ta mai da shi abinci, fara ta ci ciyawa, ƙadangare ya ci fara, shirwa ta sure ƙadangare. A kowane mataki, abin da ke wucewa gaba wajen kashi 10 cikin 100 ne kawai na ƙarfin abincin, sauran ya tafi a numfashi da motsi da zafin jiki. Shi ya sa fara ba ta ƙirguwa, ƙadangaru ke da dama, shirwa kuwa ɗai-ɗai ce a sama. Wannan yaro zai iya tabbatar da shi da idonsa a bayan katangar makaranta.

Amma inda nake so ku daɗe shi ne labarin murzuna, domin a nan gidanmu aka yi shi. Kowane manomi ya san ta: malam-buɗe-littafin dare ya yi ƙwai a kan zangarniya tana fitowa, tsutsar ta ƙyanƙyashe ta bi zangarniyar tana ci tana murɗawa, ta bar sawu kamar an naɗa igiya, in ta ƙoshi ta sauka ta shige ƙasa ta jira wata damina. Shekarar da ta yi yawa, rumbu ba ya cika. Masu binciken aikin gona na INRAN da ke Tarna, tare da malaman Jami'ar Ɗandikko Ɗankulodo, sun yi shekaru suna aiki da wani ɗan mitsitsin ƙwaro dangin zanzaro, mai suna Habrobracon hebetor, wanda bai kai ƙwayar shinkafa ba. Macen tana harbin tsutsar ta sandare, ta yi ƙwai a jikinta, ƴaƴan su fito su cinye ta. Ana kiwonsa cikin ƴan ƙananan buhunan garara da ɗan hatsi da tsutsar da zai fara ci, a rataye a gonaki, ya fita ya bazu da kansa. Ba feshi, ba guba. Ƙwaron nan kuma ba daga waje aka kawo shi ba, dama yana nan, yawansa aka ƙara a lokacin da ake bukata. Don yara su gane, ba sai an je Tarna ba. A fasa ɗakin laka ɗaya da zanzaro ya gina a bangon aji, su ga abin da ya cusa a ciki a sandare don ɗiyansa. Daga nan sai a tambaye su: in aka yi feshin magani a gonar nan, murzuna kaɗai zai kashe? Yaron da ya amsa wannan da kansa, in ya girma ba zai sayi gubar da ba ta da suna a kasuwa ya watsa a gona da ka ba.

Ba duk zama ne na cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ba, wannan ma a gaya musu. Jemage yana shan ruwan furen kuka da dare, yana kai mata barbara daga fure zuwa fure, kowa ya amfana, kuma miyar kukarmu da ƴaƴanta suna da bashin jemage a kansu. Balbela tana bin shanu tana cafke ƙwarin da kofato ya tayar, saniya ba ta ƙaru ba ba ta ragu ba. Ƙuduji kuwa ci-ma-zaune ne, kamar kauci a reshen icce. Irinsa kamar ƙura yake, yana iya kwana cikin ƙasa fiye da shekara goma, ba ya tsirowa sai ya ji sinadarin da saiwar hatsi ko dawa ke fitarwa, ya manne mata ya yi ta tsotsa tun kafin ya leƙo da jan furensa. Ya fi ƙarfi a gonar da ta gaji, shi ya sa manomi ke cewa maganin ƙuduji taki.

Akwai kuma masu sharar duniya, waɗanda muka fi rainawa. Gara tana cin zana da rumbu, mun tsane ta, amma ita ce ke ruɓar da kara, ramukanta kuma su ke buɗe wa ruwan sama hanya a ƙasar da ta yi fako. Masu haƙa tassa su zuba taki a rami, garar suke gayyata. Buzuzu yana binne kashin shanu. Sai ungulu. Mu da muka girma a garin nan mun san lokacin da ba ka wuce mahauta ba ka ga ta jeru a kan katanga ba. Yau sai ka yi wata ba ka ga ɗaya ba. Guba da ake sa wa mushe da masu neman kanta don tsibbu sun ƙarar da ita a Afirka ta Yamma, har a 2015 aka sa irin ungulun da muka saba da ita a gari cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa. Indiya ta riga mu ganin abin da ke biyo baya. A shekarun 1990 wani maganin ciwo da ake ba shanu, diklofenak, ya kashe musu fiye da kashi 90 cikin 100 na ungulu, mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnukan titi suka yawaita, cutar haukan kare ta ƙaru, sai a 2006 aka hana ba dabbobi maganin. Ina jin zafin wannan ƙwarai, domin tsuntsuwar da muke zagi da ƙazanta ita ce ke raba mu da ƙazantar, kuma ɗiyanmu na tasowa ba wanda ya gaya musu.

In wani ya ɓace, wani ke cike gurbin, kuma ba lalle mai amfani ba. Ku duba burtali da makiyayarmu yadda garmani ya mamaye. Dabba ba ta son cinsa. Ciyawa mai daɗi kuwa ana cinye ta tun ba ta zubar da iri ba, shekara bayan shekara, har fili ya zama nasa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kada yara su ɗauka labarin duk na asara ne, domin abin da jihar nan ta fi shahara da shi a idon masana na duniya labarin farfaɗowa ne. Bayan farin 1973 da na 1984 gonakinmu sun zama fili fetal, iska na binne shuka da rairayi, manomi ya yi shuka sau biyu sau uku. A watan Mayu na 1984, zamanin Seyni Kunce, a nan Maraɗi aka yi babban taron ƙasa kan yaƙi da hamada. An kafa gandayen renon itatuwa, an dasa da yawa, akasarinsu suka mutu. A 1983 wani masanin aikin gona ɗan Ostareliya da ke aiki a nan, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƴan tsirran da ake sassabewa kowace bazara ba ciyayi ba ne, tohon kututturan itatuwa ne da saiwarsu ke raye a ƙasa. Daji na nan a binne. Abin da ake bukata shi ne a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a datse sauran, a kare su daga dabba da wuta. Sassaben zamani ke nan. An yi wa waɗanda suka fara dariya, an ce gonarsu ƙazama ce. Amma da manoma suka ga itacen wuta da abincin dabba da sanyin gona, kuma suka samu tabbacin cewa iccen da suka rena nasu ne, ba mai cin su tara a kansa, abin ya bazu daga maƙwabci zuwa maƙwabci. Hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna wajen hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200, akasari a Maraɗi da Damagaram. An ba Rinaudo babbar lambar yabo a Suwidin a 2018, amma hannun da ya yi aikin na talakawan ƙauye ne, irin na Ɗan Saga a ƙasar Agye, inda baƙi ke zuwa daga ƙasashe su ga yadda ake yi. Sabara da kalgon da ake bari a gona, bincike a Senegal ya nuna cewa da dare suna jawo ruwa daga ƙasa mai zurfi su jiƙa ta sama, hatsin da ke kusa ya sha. A arewa kuma, gandun dajin Gadabeji da aka keɓe tun 1955 ya sake ganin raƙumin dawa a 2018, da aka kawo takwas daga Kure bayan kusan shekara hamsin babu su.

Baƙo ya hau jirgi ya zo ya koyi wannan a gonar kakan yaro, yaron kuma yana aji yana kwafar kududdufin wata ƙasa. Abin da ya hana ni barci ke nan.

Na san abin da za ku ce, kuma gaskiyarku. Babu mota, babu kuɗin mai, yara sun yi yawa, wasu dazuzzukan kudu wajen Baban Rafi kuma ba wurin kai ɗiyan mutane ba ne a halin tsaron da ake ciki. Ban ce a je can ba. Dogon yaro ɗaya a farfajiyar makaranta ya isa darasi guda: wa ke kan reshe, wa ke ƙarƙashin ɓawo, wa ke cikin ganyen da ya zube. A keɓe wuri mai faɗin taku goma a kusurwar fili, a kewaye da ƙaya, kada a share kada a bari akuya ta shiga, kowane wata yara su rubuta abin da ya fito. A shuka wake a gwangwanin tumatir, bayan mako biyar a tumɓuke, a yanka ƙullin saiwar da reza, su ga cikinsa ja-ja, alamar bakteriya na aiki. Duk wannan ko dala ba ya ci.

Ku kuma buɗe ƙofar aji ga waɗanda suka fi mu sanin dajin. Bafulatanin da ya san kowace ciyawa da watan da take fitowa, da wadda ke sa nono da wadda ke kumbura ciki. Masuncin Madarunfa. Tsohuwar da ta san inda tafasa da yaɗiya ke yi da inda suka daina yi. Mai ɗora amya a kan icce. Manomin da ya yi shekara talatin yana sassaben zamani. A ba su kujera a gaban aji, a kira su malam, yaro ya ga an girmama sanin ubansa. Kowane aji ya buɗe kaye guda na sunayen itatuwa da tsuntsaye da ƙwari na yankinsu, da Hausa da Fulatanci da Buzanci, sunan kimiyya a gefe. Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, ban ga dalilin da zai sa malami ya ji nauyin cewa gawo da murzuna a cikin aji ba.

Ku sufetoci, da yawan wannan a hannunku yake. Malamin da kuka tarar a gindin icce da ajinsa, a ƙirga masa awar a matsayin darasi cikakke, kada a ɗauke shi mai gudun aiki. In ana tsara tambayoyin gwaji na jiha, a sa ko da ɗaya ce da ta shafi gulbi ko gawo ko ƙuduji, domin abin da ake tambaya shi ake koyarwa, ku da ni mun san haka.

Yanzu ne lokacin. An koma makaranta, gawo ya fara toho, shamuwa na haramar tafiya, tafkuna ba su ƙafe ba tukuna. Ni ina nan cikin Maraɗi, kuma ƙafata har yanzu tana kai ni bakin gulbi. Malamin da ya shirya fita da ajinsa, in ya neme ni zan zo, in taho da maƙwabcina na gona wanda ya fi ni sanin itatuwa nesa ba kusa ba. Jikata kuwa ta riga ta shuka wakenta a gwangwani uku a bayan ɗaki, tana ba su ruwa kafin ta tafi makaranta. Saura mako uku mu tumɓuke na farko.

Wassalam.

Ɗan'uwanku, tsohon malamin makaranta,
Maraɗi.